Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Sarkin Zango, limamai da Magajiyoyin Kumasi kan waɗanda ake sallama daga aiki da furfura a ka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki. Allah ya gafarta malamai. Iyayenmu Magajiyoyi, muna gaisuwa da ladabi.

Mu 'ya'yanku ne daga Aboabo, Asawase, Sawaba da Tafo Zango. A cikinmu akwai waɗanda suka san aikin ƙungiyar ƙwadago, da akawun albashi, da masu lissafin fansho. Mun rubuto ne a kan wani mutum da kowannenku ya sani ko da bai riƙe sunansa ba. Shekarunsa tsakanin 48 da 58. Ya yi shekara 20 yana tuƙa motar kamfani, ko gadi, ko aikin injin katako a Kaase, ko zaman kanta a banki a Adum. Wata rana aka kira shi ofis aka miƙa masa ambulan, aka ce kamfani na rage ma'aikata. Masu ɗaukar aiki na ganin ya tsufa, hukumar fansho ta SSNIT kuma na ganin bai kai shekarun fansho ba. Mace ma tana cikin wannan hali: mai shara a ofis, mai dafa abinci a kantin ma'aikata, mai karɓar kuɗi a shago.

Kumasi ta sha ganin haka. Dattawanmu na tune da rage ma'aikatan gwamnati da na hukumar koko a shekarun 1980. A 2014 mahaƙar zinariya ta Obuasi ta sallami dubban mutane, da yawansu suka dawo unguwanninmu. Daga 2017 zuwa 2019 aka rufe bankuna da ɗaruruwan ƙananan gidajen ajiya, ma'aikatansu suka wayi gari a gida. Kuma a Gana babu wani kuɗi da gwamnati ke biyan wanda ya rasa aiki duk wata har ya sami wani. Abin da ya fito da shi daga ofis, da abin da ya tara a fansho, su ne jarinsa na sauran rayuwa.

Abin da muka lura da shi shi ne, yawancin ɓarnar na faruwa ne a cikin wata 3 na farko, kuma ta ƙofa biyu take shigowa: takardar da aka sa wa hannu ba a karanta ba, da kuɗin da aka kashe saboda kunyar jama'a. Ƙofa ta farko ilimi ke toshe ta. Ta biyu kuwa ku ne kaɗai za ku iya toshe ta, domin maganarku ake ji.

Bari mu fara da takarda. Kuskure mafi tsada shi ne mutum ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa. Wani manaja zai ce masa, rubuta ka ajiye da kanka don kada sunanka ya ɓaci, mu kuma za mu ba ka ɗan wani abu. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da bakin neman kuɗin sallama, domin a idon doka shi ya tafi. Na biyu shi ne takardar da ke cewa ya karɓi dukkan haƙƙinsa kuma ba ya bin kamfani komai. Ana yawan miƙa ta tare da ceki, a ce sa hannu nan ka karɓa. Babu laifi mutum ya sa hannu cewa wasiƙar sallama ta iso gare shi, ya rubuta kwanan wata. Amma takardar yafe haƙƙi, ya nemi kwafi ya tafi da ita gida, a karanta masa layi-layi. Wanda ya hana ka fita da takarda ka nuna wa wani, akwai abin da ba ya so a gani.

Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta yi magana a sashe na 65. Kamfanin da ke shirin canjin da zai jawo sallamar ma'aikata dole ya rubuta wa Babban Jami'in Ƙwadago da ƙungiyar ma'aikatan, aƙalla wata 3 kafin lokacin, ya faɗi dalili, da yawan waɗanda abin zai shafa, da lokacin da za a yi. Idan an rufe kamfani, ko an haɗe shi da wani, ko an sake masa tsari har alaƙar aiki ta yanke, ma'aikaci na da haƙƙin kuɗin sallama. Sai dai dokar ba ta yanka adadi ba. Ta bar shi ga ciniki tsakanin kamfani da ma'aikaci ko ƙungiyarsa, in an kasa daidaitawa a kai wa Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ta yanke. Ma'anar wannan ita ce tayin farko tayi ne kawai, kamar farashin farko a kasuwar Kejetia. Wanda ke da ƙungiya ya nemi yarjejeniyar da ke tsakaninta da kamfani, domin galibi a can aka rubuta albashin wata nawa za a biya kan kowace shekarar aiki.

A nan ne tambaya guda ke raba mutum da dubban sidi: da wane albashi za a yi lissafin? Da gundarin albashi, ko da jimlar abin da yake karɓa har da alawus? A ɗauka mutum ya yi shekara 20, an amince da albashin wata guda kan kowace shekara. Gundarin albashinsa sidi 1,800, amma da alawus yana karɓar 3,000. Lissafi na farko zai ba shi 36,000, na biyu 60,000. Duka biyun ana kiransu albashin wata guda kan kowace shekara. Wanda bai tambaya ba, ƙaramin za a ba shi.

Ban da kuɗin sallama akwai wasu haƙƙoƙi da ke tsaye da ƙafarsu, kada a bari a cusa su cikin dunƙule guda. Akwai albashin kwanakin da ya yi aiki ba a biya ba. Akwai sanarwa: wanda kwantiraginsa ya kai shekara 3 ko fiye, sanarwar wata guda ko albashin wata guda a madadinta, ƙasa da haka, mako 2. Akwai hutun shekara da bai ci ba, wanda doka ta ce bai gaza kwanakin aiki 15 ba a shekara. Kowanne a rubuta shi a layinsa da adadinsa. A kuma duba kalmar da aka yi amfani da ita a takardar biya. Dokar haraji ta 2015 ta cire kuɗin sallama na rage ma'aikata daga abin da ake yi wa harajin albashi, don haka a tabbata an rubuta "redundancy pay" ƙarara. In aka kira shi kyauta ko ladan ƙarshen aiki, ana iya yanke masa haraji. Wanda ya yi aiki cikin ƙura ko ƙarar inji, kamar mahaƙa da gidan katako, ya nemi a duba masa huhu, kunne da baya a asibiti kafin ya rabu da kamfani, domin dokar diyyar ma'aikata ta 1987 na aiki ne da shaidar likita, kuma bayan shekara biyu da wuya a iya danganta ciwon da wurin aiki.

Dole mu faɗi inda dokar ba ta kai ba. Sashe na 66 ya fitar da mai kwantiragin ƙayyadadden lokaci, da wanda ke lokacin gwaji, da mai aikin yini. Masu gadi da direbobi da yawa daga Zango a nan suke faɗawa, ana sabunta musu takarda duk shekara har su yi shekara 15. Duk da haka kada su yi saurin haƙura. Dokar ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata 6 a jere wajen mai aiki guda, a ɗauke shi kamar na dindindin. Irin wannan shari'ar takardu ke cin ta: takardun albashi, katin aiki, saƙon bankin da ke nuna shigar albashi duk wata. Ofishin leba da Hukumar Taimakon Shari'a na sauraron wanda ba shi da kuɗin lauya.

Yanzu ga inda muke roƙon ku ba mu kunne sosai, wato SSNIT, domin a nan ne talaka ke asarar abin da ya fi kuɗin sallama nesa ba kusa ba.

Ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2008, mai lamba 766, ana cire kashi 5.5 cikin 100 daga gundarin albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 13, jimla 18.5. Kashi 13.5 na tafiya SSNIT, wato mataki na farko, kashi 5 na tafiya mataki na biyu, wanda ma'aikata ke kira tiya-tu, wajen wani kamfanin amintattu mai zaman kansa. Don mutum ya sami fansho na wata-wata har mutuwa, sai zubinsa ya kai wata 180, wato shekara 15. Wanda ya cika 180 yana samun kashi 37.5 na matsakaicin albashinsa a watanni 36 mafi tsoka. Kowace shekara da ya ƙara tana ƙara masa kashi 1.125, har ya tsaya a kashi 60 ga mai shekara 35. Wanda ya kai shekara 60 bai cika 180 ba, kuɗinsa za a mayar masa a dunƙule sau ɗaya, an rabu ke nan.

Ku dubi mutumin da aka sallama yana da shekara 54 da zubin wata 168. Saura wata 12 kacal. Ƙofa ba ta rufe masa ba, domin wanda ya riga ya zama mamba yana iya ci gaba da zubi da kansa a matsayin mai sana'ar kansa, ya biya kashi 13.5 na abin da ya bayyana yana samu. In ya bayyana sidi 1,000 a wata, zubinsa 135 ne, shekara guda 1,620. In matsakaicin albashinsa mafi tsoka 3,000 ne, wannan 1,620 ɗin ne zai buɗe masa fanshon kusan 1,125 duk wata daga shekara 60 har ƙarshen ransa. Kuma ƙaramin zubin da ya yi daga baya ba ya rage lissafin, tunda watanni 36 mafi girma ake ɗauka. Babu wata sana'a a Kumasi da ke mayar da irin wannan riba. Amma mutane na barin ta ta wuce saboda ba wanda ya taɓa ƙirga musu watanninsu.

Don haka aikin mako na farko shi ne zuwa ofishin SSNIT da katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, a karɓo takardar bayanin zubi, a zauna a bi ta wata-wata ana gwadawa da takardun albashi. Abin da ake yawan tararwa shi ne giɓi: an cire kuɗin daga albashi amma kamfani bai kai ba. Doka ta ba mai aiki kwana 14 bayan ƙarshen wata ya kai, in ya makara akwai tarar kashi 3 a kowane wata, kuma SSNIT na da ikon gurfanar da shi. Sai dai bin bashi wajen kamfanin da ke raye daban yake da bin wanda ya riga ya kulle ƙofa ya sayar da injuna. A kai ƙara a rubuce tun kamfanin na numfashi. Haka nan tiya-tu: a tambayi sunan kamfanin amintattun da ke riƙe da shi, a karɓi bayaninsa, in akwai giɓi a kai wa NPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho. Wanda ya canza aiki sau uku tun 2010 yana iya samun kuɗinsa a wurare uku.

Akwai wata matsala da ta fi damun mutanen Zango, ita ce ta suna da ranar haihuwa. Mutum guda ne, a fayil ɗin SSNIT Bukari Mahama, a katin Gana Abubakar Mohammed, a asusun banki Abubakari Muhammad. Akawun da ya yi masa rajista shekara 30 da suka wuce ya rubuta yadda kunnensa ya ji, ya kuma ƙiyasta masa shekarar haihuwa da ido. Duk wannan ba ya tashi sai ranar biya, sannan fayil ya tsaya cik, dattijo ya yi ta hawa trotro, motar haya, zuwa ofis da ambulan ɗin roba a hammata. Gyaran na buƙatar takardar rantsuwa da tsofaffin shaidu, kuma yana cin watanni, musamman na ranar haihuwa. A fara shi tun yau. A kuma sabunta sunayen magada a fayil, domin da yawa sun rubuta sunan mahaifi ko yaya tun suna samari, yanzu ga mata ga 'ya'ya babu sunan ko ɗaya. 'Yan'uwanmu da ba 'yan ƙasa ba, waɗanda za su koma Nijar, Najeriya ko Burkina gaba ɗaya, su ma akwai tanadin da doka ta yi musu na karɓar haƙƙinsu kafin tafiya.

Tambayar da za a fi kawo muku ita ce ko a karɓi fansho da wuri. Daga shekara 55 mai wata 180 na iya karɓa, amma ragagge: kashi 60 na cikakken a shekara 55, yana hawa da kashi 7.5 duk shekara har ya kai kashi 90 a shekara 59, sannan ya cika a 60. Ragin kuma ba ya dawowa. Wanda cikakkensa 1,500 ne, in ya karɓa a 55 zai sami 900. A shekara 5 ɗin da ɗayan ke jira, shi ya riga ya karɓi 54,000. Mai jira kuma zai fi shi da 600 duk wata, don haka sai ya yi wata 90 bayan shekara 60, wato wajen shekara 67 da rabi, kafin ya kamo shi. Ra'ayinmu shi ne mai lafiya da ke da wata hanyar ci da gida ya jira, ko da shekara 2 ce, tunda kowace shekara na ƙara masa. Mai ciwo, ko wanda jiran zai jefa shi bashi, ya karɓa ba tare da jin ya yi laifi ba, domin tsohon albashin da za a yi lissafi da shi na nan tsaye yayin da farashin kaya ke hawa. Shi kuwa tiya-tu, doka ta ba wanda ya kai shekara 50 kuma ba ya aiki damar karɓarsa a dunƙule, da shaidar cewa ba shi da aikin. Samun dama ba ya nufin a kwashe shi a watan farko. A bar shi ya zama rumbu na biyu. Wanda ke da ajiyar sa-kai ta mataki na uku ya sani in ya cire kafin ta shekara 10 akwai haraji.

Kafin kuɗin sallama su shiga asusu, a tuna da bashin albashi. In mutum na da rance a bankin da albashinsa ke shiga, bankin na iya kwashe ragowar bashin gaba ɗaya daga kuɗin ranar da suka sauka. A je tun da wuri a nemi adadin da ya rage a rubuce, a duba takardar rancen ko inshorar da aka caje shi a kanta ta haɗa da rasa aiki, domin wasu sun haɗa kuma banki ba zai tuna maka ba.

To, kuɗi sun zo. Sidi 60,000 a hannun wanda bai taɓa riƙe 10,000 a lokaci guda ba, sai ya ga kamar ba za su ƙare ba. A raba su da abin da gida ke ci. In gidan na cin 2,500 a wata, wata 24 ne. Mai shekara 55 kuwa wata 60 ke gabansa. Wannan lissafin a yi shi a takarda, uwargida na zaune, domin ita ta san kuɗin gawayi, da na wutar kati, da na makarantar yara. Shawararmu ita ce a fara ware zubin SSNIT na watannin da suka rage, da kuɗin haya, da na magani, da abincin aƙalla wata 18. Abin da ya saura shi ne jari, kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Kan haya, doka ta ce kada a karɓi fiye da na wata 6 gaba, ko da yake kowa ya san masu gida na neman shekara 2; a nan sa bakin mai unguwa ko liman na iya sa mai gida ya sassauta.

Inda jarin ke mutuwa sananne ne. Na farko abin hawa da mai shi ba ya tuƙawa. A sayi pragya ko aboboya, wato babur mai ƙafa uku na fasinja ko na kaya, a ba yaro bisa sharaɗin ya riƙa biya har ta zama tasa. Wata 4 na farko kuɗi na shigowa, sannan inji ya fara shan mai, yaro ya fara kawo uzuri, kuɗin gyara wajen makanikan Suame ya cinye na mako. Ga shi a 2023 hukumar birni ta hana pragya shiga tsakiyar Kumasi, lissafin masu ita da yawa ya rushe a dare ɗaya. Na biyu shago: kuɗin karɓar wuri ya cinye rabin jari kafin a sa kaya, sannan dangi su kwashi kayan bashi, mai shago na jin nauyin tambaya. Na uku gini. Duk wanda ya bi bayan gari ya ga gidajen da suka tsaya a kan linta, ƙarafa sun yi tsatsa, ciyawa ta fito a falo, mai shi na can yana biyan haya. Wanda zai sayi fili ma, takardar da sarkin gari ya bayar ita kaɗai ba ta isa ba sai an yi bincike a Hukumar Filaye. Na huɗu masu alkawarin riba mai yawa duk wata. Kamfanin cinikin zinariya na Menzgold da aka dakatar a 2018 ya ci kuɗin sallamar mutane da yawa, kuma a watan Mayun 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan gidajen ajiya 347 a rana guda. Ko takardun bashin gwamnati masu dogon zango, sauyin sharuɗɗan biyansu da aka fara a Disambar 2022 ya sa 'yan fansho tsayuwa a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi. A wannan watan ne kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, wanda ke nuna ajiye kuɗi ƙarƙashin katifa shi ma asara ce. Kada a tara komai a wuri guda, kuma duk gidan ajiya a duba sunansa a jerin masu lasisi na Babban Banki.

Abin da ya fi tsira shi ne sana'ar da mutum ya riga ya iya, a fara ta ƙarama. Direban kamfani ya nemi kai yaran makaranta ko ɗaukar kayan 'yan kasuwa da kansa. Mai gyaran injin masana'anta ya nemi gyaran janareto da injin niƙa. Akawu ya riƙe wa 'yan kasuwar albasa da na shanu littafi. Wanda zai shiga sabuwar sana'a ya zauna wata 3 a shagon mai ita kafin ya sa ko sidi ɗaya. Kuma jarin matar gida, na waken da take sayarwa da safe ko na koko, kada a taɓa shi. A gidaje da yawa tukunyar nan ce ke riƙe da kowa har fansho ya fito.

Lafiya kuma, asibitin kamfani ya ƙare ranar da aiki ya ƙare, a daidai shekarun da hawan jini da ciwon suga ke bayyana. A sabunta katin inshorar lafiya ta *929# tun bai mutu ba, a kuma sani wanda ya daina zubin SSNIT ya fita daga rangwamen masu zubi har sai ya zama ɗan fansho. Kada a daina shan maganin hawan jini don tsimi, domin shanyewar ɓarin jiki ta fi shi tsada sau ɗari. Akwai kuma ciwon da ba a faɗa. Mutum zai yi wanka da asuba, ya sa rigar aiki, ya fita, ya yini a benci kusa da tasha, ya dawo da magariba, iyalinsa ba su san an sallame shi ba sai bayan wata 2. Wani ya daina zuwa jam'i saboda kada a tambaye shi. Wanda barci ya ƙaurace masa makonni, ya daina cin abinci, ko ya fara cewa gara mutuwa, a yi masa addu'a kuma a kai shi asibiti. Asibitin Komfo Anokye na da sashen masu duba wannan.

Allah ya gafarta malamai, ga abin da ke hannunku. Labarin kuɗin sallama na riga mai su isa gida. Kafin mako ya zagayo an kawo masa auren ƙanwa, da sunan jika, da rufin ɗakin gyatuma, da mai neman jari, da masu cewa ai bana sai Makka. Ba ya iya cewa a'a, domin za a ce ya samu ya manta da mutane. Muna roƙon ku faɗa a kan mumbari, da Hausa da Twi, cewa wannan kuɗi ba ganima ba ce, abincin shekara biyar ne na gida guda, kuma mai matsa masa yana cin rabon yaransa ne. Ku bayyana sharaɗin iko a aikin Hajji, cewa bai wajaba kan wanda tafiyar za ta bar iyalinsa babu ci ba. Ku yi bayanin zakka a kan irin wannan kuɗi, nisabi da zagayowar shekara, domin wasu na fitarwa tun ba ta hau kansu ba. Ku kuma zauna da masana harkar kuɗi ku ba jama'a amsa bayyananniya kan inda Musulmi zai ajiye kuɗi ba tare da riba ba, domin tsoron riba na tura wasu hannun macuta masu fakewa da sunan kasuwanci. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci masu bashi cikin masu cin zakka. Dattijon da wata 12 suka rage masa, biya masa zubin nan daga zakkar masu hali na fitar da gida guda daga roƙo har abada; muna so malamai su duba wannan su ba da fatawa. A kai masa a asirce, domin irinsa ba ya miƙa hannu.

Iyayenmu Magajiyoyi, ku ne ke tsara biki da suna da ankon da ake yankawa. In kuka ce gidan da aka sallami mai shi an ɗauke masa gudunmawa shekara guda, babu mai musa muku. Ku kuma nemo matan da aka sallama, domin su ba sa zama a majalisa balle a ji labarinsu, kuma da yawansu ba su san an taɓa yi musu zubi ba.

Ranka ya daɗe, daga fada muna neman abu guda: tebur. Tebur ɗaya da kujeru a harabar Babban Masallacin Kumasi, Juma'ar farko ta kowane wata bayan an sauko, da wani a Aboabo ranar Asabar don mata. Zango na da tsofaffin akawu, lauyoyi, ma'aikatan banki da na asibiti da za su zauna kyauta in Sarki ne ya kira su. Wasiƙa daga fada za ta sa SSNIT da ofishin leba su turo jami'i lokaci-lokaci. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 shi ma a tambaye shi a rubuce me ya tanada wa mai shekara 50, tunda yawancin horon sana'a matasa ake kira. Sharaɗin teburin biyu ne: ba a karɓar kuɗin kowa don ajiya ko juyawa, kuma abin da aka gani a takardar mutum ba ya fita.

Wanda zai zo, a sanar ya taho da katin Gana, da wasiƙar ɗaukarsa aiki, da wasiƙar sallama, da takardun albashi duk da ya samu ko sun yage, da bayanin zubin SSNIT, da takardar rance in akwai. Wanda kuma aka ba shi takarda ya sa hannu kafin Juma'ar ta zo, ya ce wa manaja zai dawo da ita ranar Litinin.

Wassalamu alaikum.

'Ya'yanku masu biyayya,
daga Aboabo, Asawase, Sawaba da Tafo Zango, Kumasi.